Fitar da bidiyo a 4K ba ya gyara hoton da aka ɗauka dishi-dishi

Masu koyon haɗa bidiyo da yawa, idan sun gama aiki a manhajar CapCut, sai su zaɓi 4K wajen fitarwa, a zatonsu hoton zai ƙara fitowa tangaran. Ba haka abin yake ba.

Hoton 1080p yana da ɗigo 1920 a kwance, 1080 a tsaye. Na 4K kuwa 3840 ne da 2160, wato ninki huɗu a jimillar ɗigo. Idan da 720p, wanda ɗigonsa bai kai na 1080p ba, aka ɗauki bidiyon biki, manhaja ba ta da inda za ta samo ɗigon da kyamara ba ta kama ba. Miƙe wanda ke akwai kawai za ta yi. Fuskar amarya tana nan da hazonta, fayil ya yi nauyi, waya ta ɗau zafi, data ta tafi a banza. Kyan hoto tun wajen ɗauka ake samunsa: isasshen haske, da goge gilashin kyamara, da hannun da ba ya rawa.

Ga mai son fara karɓar aikin kuɗi, abin da ya fi muhimmanci shi ne ya tambayi mai aikin inda za a ɗora bidiyon. TikTok tsaye yake so, 9:16, YouTube kuma galibi kwance, 16:9. Sannan kada a tura aikin ta WhatsApp kai tsaye, don matse shi yake yi. In ta WhatsApp ɗin ne, a tura shi a matsayin fayil, ko kuma a tura ta Google Drive.