Gubar dalma a Zamfara: wa ya faɗa wa iyayen?

Daren jiya muna zaune a majalisa, wani dattijo da nake girmamawa ya ce wai jahilci ne ya kashe yaran Zamfara lokacin gubar dalma. Na yi shiru saboda furfurarsa, amma maganar ta kwana tana cina a rai, shi ya sa na ce bari in amayar da ita a nan. Mai ganin na yi kuskure ya gyara mini.

Ga waɗanda suka manta, a farkon shekarar 2010 ne yara suka fara mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare, 'Yargalma da Tungar Daji. Yaro zai fara amai, ciki ya murɗa, sai jijjiga, sai suma, shi ke nan. Wasu suka ce cizon sauro ne, wasu suka ce sanƙarau, wasu suka ce iska. Kafin yaran ma agwagin garin ne suka fara ƙarewa, ba wanda ya san dalili. Sai da likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa, MSF, suka shigo a watan Maris na shekarar aka ɗebi jini aka gano dalma ce. Aƙalla yara 400 suka rasu. A ƙauyuka biyu da masu bincike na hukumar CDC ta Amurka suka bi gida-gida, sun tarar yaro ɗaya cikin kowane huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar ya rasu a cikin shekara guda.

Dutsen da ake haƙowa don neman zinare yana haɗe da dalma mai yawa. Kuɗin zinare ya tashi a duniya, noma kuma bai ciyar da gida, sai maza suka riƙa kawo dutsen cikin gari. Ana farfasa shi a tsakar gida, ana kai shi injin niƙa, wani lokaci injin da ake niƙa hatsi, mata na shanya garin a inda yaro ke rarrafe yana kai hannu baki. Dalma ba ta da wari, ba ta da ɗaci. Uwar da ke daka dutse da goyo a bayanta tana neman abin da za ta ciyar da goyon ne.

To a nan nake tambayar dattijon namu: jahilcin wa? Masu ilimin duwatsu sun daɗe da sanin cewa akwai dalma a ƙasar wannan yanki. Akwai ma'aikatar ma'adinai, akwai ma'aikatar muhalli, akwai hukumar NESREA mai tabbatar da bin dokokin muhalli, da aka kafa a 2007. Ilimin yana nan a ajiye cikin fayil, da Turanci. Abin da ya gagara shi ne wani ya ɗauko shi ya kai wa dagaci, ya kai wa limami ya faɗa bayan sallar Juma'a, ya sa a gidan rediyo da Hausa. Mutumin da ba a faɗa wa ba, sunansa wanda aka ɓoye wa. Hujjata kuwa ita ce, da aka zauna da masu gari aka yi musu bayani, al'ummomin da kansu suka fitar da aikin niƙa dutse bayan gari.

Dubi abin da ya faru da Bagega. An kwashe gurɓatacciyar ƙasa a ƙauyuka bakwai, aka bar Bagega, wadda ta fi su girma da gurɓacewa. Likitoci suka ce ba za su fara ba yara magani ba sai an kankare ƙasar gidajen an zuba sabuwa, domin yaron da aka wanke masa jini ya koma wasa a ƙasa ɗaya, aikin banza aka yi. Gwamnatin tarayya ta yi alkawarin kuɗi, kuɗi suka maƙale tsakanin ofis da ofis. A watan Mayun 2012 aka yi babban taro a Abuja kan matsalar, ministocin da ake jira ba su halarta ba. Sai da wasu matasa, cikinsu har da Hamzat Lawal, suka fara gangamin Follow The Money da taken #SaveBagega a intanet, ƙungiyar Human Rights Watch ita ma ta matsa, sannan Shugaba Goodluck Jonathan ya saki kuɗin a watan Janairun 2013. Kusan shekara uku ke nan yara na shaƙar ƙurar. Abin da matasan nan suka yi ba tsafi ba ne. Tambaya suka yi a bainar jama'a: nawa aka ware, yana hannun wa, yaushe zai iso? Kunya ta yi aikin da tausayi ya kasa yi.

Kuma ba mu ɗauki darasi ba. A 2015 sai ga irin wannan a Shikira, ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka tafi.

Abin haushi, dokokin nan duk muna da su a rubuce. Dokar tantance illar ayyuka ga muhalli ta 1992 ta ce kafin a amince da babban aiki, a baje rahoton jama'a su gani su faɗi ra'ayinsu, kuma kwana 21 na aiki ake ba su. Ni na taɓa zuwa duba irin wannan rahoto a wata sakatariya. Da ƙyar aka samo mai makulli. Aka ɗauko mini kundi mai kauri kamar tubali, Turanci zalla, cike da jadawali, ƙura ta rufe bangonsa. Sanarwar kuma a jaridar Turanci aka buga ta, wadda ko a birni mutum nawa ke saye? Manomin da ruwan aikin zai bi ta gonarsa bai ma san an yi ba. Bayan kwana 21 sai a rubuta cewa an tuntuɓi jama'a, babu mai ƙorafi. Wannan ai aski ne aka yi wa mutum ba ya nan.

Dokar ma'adinai ta 2007 ma ta ce kamfani ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin kafin ya fara haƙa. Ku tambayi mutanen garin da ake haƙa a bayansu, su nawa suka taɓa ganin takardar? Sau da yawa mutum huɗu ko biyar ne suka sa hannu a ɗakin otal, sauran gari sai dai su ga manyan motoci. Ina ganin girman sarakunanmu, amma sa hannun hakimi shi kaɗai ba ya zama yardar mai rijiya.

Akwai kuma dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba kowa damar rubuta wa hukuma ya nemi takarda, a ba shi amsa cikin kwana 7, ba sai ya faɗi dalilinsa ba. Makami ne mai kaifi, amma mu 'yan Arewa mun bar shi a kube. Mun fi son mu zagi gwamna a Facebook da mu rubuta wasiƙa mai layi biyar mu nemi sakamakon gwajin ruwan kogin Challawa na Kano da masana'antun fata ke zuba wa dagwalo. Ni ma ina cikin masu laifin.

Batun kotu shi ya fi ciwo. Sashe na 20 na tsarin mulkin 1999 ya ce gwamnati ta kare muhalli, sai dai yana cikin babi na biyu, wanda sashe na 6 ya hana a kai ƙara a kansa kai tsaye. Shari'ar ma'adinai kuma ta Babbar Kotun Tarayya ce, wato uban da ya binne 'ya'ya biyu a Dareta sai ya nemi kuɗin mota zuwa Gusau, ya ɗauki lauya, ya samo shaidar likita, ya jure ɗage zama na shekaru. Yawanci sai ya ce ya bar wa Allah. Tawakkali gaskiya ne, amma wani lokacin rashin kuɗin mota ne muke kira da wannan suna. Duk da haka ƙofa ta ɗan buɗe: a 2018 Kotun Ƙoli, a shari'ar ƙungiyar Centre for Oil Pollution Watch da kamfanin mai na NNPC, ta yarda ƙungiya ta shigar da ƙara a madadin al'ummar da aka gurɓata wa muhalli ko da ba ita abin ya shafa kai tsaye ba. 'Yan Neja Delta sun san darajar wannan hukunci. Lauyoyinmu na Gusau, Minna da Kano fa?

Gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019 saboda 'yan bindiga, ta ɗage haramcin a ƙarshen 2024. Ana ta maganar lasisi da masu zuba jari. Ni abin da nake so in ji shi ne ranar da za a karanta sharuɗɗan lasisin nan da Hausa a kasuwar Bagega, a gaban matan da yaransu suka rayu amma har yau ba sa iya riƙe karatu, kuma a tsaya a saurari abin da za su ce kafin a sa hannu.