Saura kwana goma sha ɗaya aka gaya mini an ƙara kuɗin haya

Wa'adin hayata na gab da cika sai ga saƙo a waya daga ejan, layi biyu kacal: mai gida ya yi ƙari, in zan iya in biya, in ba zan iya ba akwai masu jira. Shekara huɗu ina gidan, ban taɓa bari an biyo ni kuɗi ba.

Ni ban ce kada mai gida ya yi ƙari ba. Gidansa ne, da guminsa ya gina, shi ma tsadar kayan gyara ba ta ƙyale shi ba. Lokacin da aka zaɓa ne ya tsaya mini a rai. A kwana goma sha ɗaya ina mutum zai samo wani gida, ya haɗa kuɗin ejan da na motar kwashe kaya, ya duba nisan makarantar yara? Mai gida ya san ba za a iya ba. Wasu ma da gangan suke jinkirtawa, don ɗan hayar da aka ƙure ba ya ciniki, sa hannu kawai yake yi.

Akwai wuraren da doka ta toshe wannan ƙofar. A lardin Ontariyo na Kanada, sai an ba ɗan haya sanarwa a rubuce kwana 90 kafin ƙari, kuma sau ɗaya ake yi cikin wata 12. A jihar New York, tun 2019, in ƙarin ya kai kashi 5 cikin 100, sanarwar kwana 30 ce, ko 60, ko 90, gwargwadon daɗewar mutum a gidan. Na Jamus ya fi burge ni. Can dole mai gida ya rubuta dalilinsa, ya gwada da abin da ake biya a irin gidan a yankin, kuma ƙarin ba ya wuce kashi 20 cikin 100 a shekara uku.

Dalilin nan fa shi ne abin da muke rasawa. In ka ce mini ka sake rufi ko ka gyara famfo, zan gani da idona, in biya ba tare da ɓacin rai ba. Amma ɗakin da na yi ta kai ƙarar yoyonsa har na gaji na gyara da kuɗina, shi za a ƙara mini ba ko bayani?

Masu gidaje, don Allah ku rubuta takarda da sa hannunku: tsohon kuɗi, sabon kuɗi, ranar da zai fara, da abin da ya jawo. Ku miƙa ta tun saura wata uku, ku kuma bar ƙofar magana a buɗe.

Na biya, don ba yadda zan yi. Amma tun ranar na fara cigiyar wani gida.