Dan Allah ku riƙa jin waƙa kafin ku ce shara ce

Jiya da daddare a wani guruf ɗinmu na masu son kiɗan rock na ga abin da ya ɓata min rai sosai. Wata sabuwar ƙungiya ta indie, irin yaran nan da ke haɗa kuɗin situdiyo da kansu ba babban kamfani a bayansu, sun fitar da albam ɗinsu na farko, sai wani ya turo hoton makin da wata jarida ta ba su, ɗan ƙarami, shikenan fa, kafin ka ce kwabo kowa ya zama malami, wannan ya ce shara ce, wancan ya ce dama ya san ba za su kai ko'ina ba. Na ce to wace waƙa ce a ciki ba ta yi muku ba? Tsit. Wlh ko mutum ɗaya bai saurara ba. Albam ɗin da ko rabinsa ba za ka gama ji ba a lokacin da suka ɗauka suna zaginsa.

Ƙannena, wannan ɗabi'a ta bin yarima a sha kiɗa ita ce ke damuna. Ba ka ji da kunnenka ba, lamba kawai ka gani, ka ɗauka ka ɗora a ka kana yawo da ita kamar kai ka yi wahalar sauraro.

Bari in ba ku labarin ƙungiyar Black Kids, 'yan Jacksonville a jihar Florida ta Amurka. A 2007 suka saka 'yan waƙoƙinsu kyauta a shafin sada zumunta na MySpace, mujallar Pitchfork ta yaba musu ta ba su maki sama da 8 cikin 10, nan take kowa ya hau, ana ta kururuta su kamar ba a taɓa riƙe gita ba sai su. Hausawa sun ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsu, amma ina, wa ya tsaya? A 2008 albam ɗinsu na farko Partie Traumatic ya fito, ita dai wannan mujallar ta ba shi 3.3, kuma ko sharhi ba ta rubuta ba, hoton karnuka biyu ta saka da kalma ɗaya ta ban haƙuri. Aikin da mutane suka zuba ƙarfinsu a kai, hoton kare ne amsarsa! Kuma waɗanda suka ɗaga su sama ba tare da sun saurara ba su ne dai suka fara dariya, wannan karon ma ba su saurara ba. Albam ɗin ya kai na 5 a jerin waɗanda suka fi kasuwa a Ingila fa, amma tambarin ya riga ya manne, sai 2017 suka sake fitar da na biyu. Magana zarar bunu ce.

Kuma kar ku ce yabon ido rufe ya fi, cuta ɗaya ce. Arctic Monkeys 'yan Sheffield ta Ingila sun fitar da nasu na farko a Janairun 2006, mawaƙinsu Alex Turner yana shekara 20, aka sayar da sama da kwafi 360,000 a mako guda, kuma a cikin watan nan mujallar kiɗa ta NME ta saka shi na 5 a jerin albam mafi kyau da aka taɓa yi a Birtaniya. Haba! Yana da kyau, ni ma ina sonsa, amma abin da ko wata bai yi a duniya ba ta ina ka auna shi da na shekara talatin? Su Allah ya taimake su sun iya ɗaukar kayan, da yawa wuyansu ya karye.

Ga Velvet Underground, na farkonsu a 1967 ko cikin ɗari na farko na Billboard, jerin albam masu kasuwa a Amurka, bai shiga ba, yau kusan duk mai kiɗan indie jikansu ne. Led Zeppelin ma mujallar Rolling Stone ta caccaki na farkonsu a 1969. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Amma aƙalla shi wancan mai sukar ya zauna ya ji, ya rubuta dalilinsa da sunansa a kai, ya yi kuskure da guminsa. Kai fa? Kuskuren aro kake yi.

Abin haushin ma, masu bakin nan yawancinsu ko sisi ba su taɓa biya don waƙa ba, a Telegram ake kwaso ta, a ji sakan goma sha biyar a TikTok a ce an san albam. Su ne dai masu tura saƙo ba su karanta ba, masu zagin mutum a ƙarƙashin hotonsa da sunan ƙarya, in an yi magana su ce wasa ne. Wasa da mutuncin wani?

Ni ban ce kar a yi suka ba. In abu bai yi ba a faɗa, yabon gwani ya zama dole, gyara kayanka kuma bai zama sauke mu raba ba. Amma ka ji tukuna, ka sake ji, sannan ka ce ganga ta danne murya a waƙa ta uku, ko kalmomin ba su da nauyi. Aikin farko ne fa, da koyo akan iya.

Allah sarki lokacin kaset. Ka tara kuɗi ka saya, ka ji gefen farko ka juya ka ji na biyu, in zare ya fito ka sa biro ka naɗe, waƙar da ba ta yi maka ba yau bayan sati biyu ita ce a bakinka don ba yadda za ka tsallake ta cikin sauƙi. Yayyenmu sai su kwana suna musu kan albam ɗaya kuma kowa ya haddace shi, in ka buɗe baki ba ka ji ba a kore ka daga bencin. Yanzu duk waƙoƙin duniya suna aljihunku, data ma ta kallon rigimar mutane kuke ƙonawa, amma minti arba'in na zama a saurari aikin wani ya gagare ku.