Ranar da na je sayen inabi a Sheffield

Laifina ɗaya ne, cika baki. Wata huɗu kacal na yi a Sheffield ta Ingila, daga ɗaki sai aji sai masallaci sai shagon da nake sayen kaza, amma a zauren WhatsApp na gidanmu tuni na shelanta cewa garin nan a tafin hannuna yake. Autanmu da ke karatu a Landan ya riƙe maganar.

Wata Asabar ya sauko daga bas, ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Yaya, ka san dai a garin Arctic Monkeys kake zaune ko?"

Na ce, "Haba Auta, ai kusan kullum sai na gan su."

Ya tsaya ya ƙare min kallo. Ni a zatona wasu birai ne masu jure sanyi da aka ajiye a gidan namun daji. Ashe makaɗa ne.

A hanyar gida ya zauna da ni kamar ɗalibi. Samari huɗu ne, in ji shi, 'yan High Green can arewacin gari, suka haɗa ƙungiya a 2002: Alex Turner mai waƙa da jita, Jamie Cook shi ma jita, Andy Nicholson da jita mai kaurin murya, sai Matt Helders a kan ganguna. Ba su da wani babban kamfani a bayansu, shi ya sa ake kiran irinsu indi, wato masu cin gashin kansu. In sun ɗauki waƙa sai su kwafa a faifan CD su raba wa mutane kyauta a wurin wasa. Waɗanda suka karɓa kuma suka riƙa ɗorawa a intanet, har shafinsu na dandalin sada zumunta na MySpace ma masoya ne suka buɗe.

Nan jinin kasuwanci ya motsa. Na ce, "Kyauta? A Kantin Kwari ka fara rabon haja kyauta, kafin azahar an kira mai ruƙiyya."

Ya ce in saurara. A 2005 wani ƙaramin kamfani mai suna Domino ya ɗauke su, a watan Oktoban shekarar waƙarsu ta hau lamba ɗaya a Birtaniya, kundinsu na farko kuma da ya fito a Janairun 2006 an sayar da fiye da kwafi 360,000 a mako guda. Na buga lissafi a zuci, na ja bakina na yi shiru.

Sai ya cusa min abin sauraro a kunne. Ni da na tashi da kalangu da gurmi, abin da na ji shi ne ganga kamar an biyo ɓarawo a kasuwa, jita biyu na cacar baki, mawaƙin kuma na zuba zance da harshen 'yan Sheffield sak, irin wanda direban bas ke yi min in gyaɗa kai ban gane komai ba. Auta ya ce labarin neman tasi da tsakar dare ne, da masu gadin ƙofar gidan rawa, da saurayi da budurwa suna rigima. Wato gulmar unguwa aka ɗora a kan ganga. Gaskiya, waƙa ta uku da na ji, ƙafata ta fara motsi, na taka ta da ɗayar.

Wurare biyu yake so in kai shi: Hunter's Bar da The Grapes.

Ina jin "bar" na miƙe zaune. Na ce, "Auta, mashaya? Da hannunta Hajiya ta damƙa min amanarka."

"Yaya, ai ba…"

"In babba na magana ana shiru."

Na yi masa wa'azi na minti ashirin, har da tarihin kakanmu. Daga ƙarshe na yi sassauci: za mu je ya hango daga nesa, ba shiga, ba hoto. Ya ce ya ji.

Muka bi Ecclesall Road muka sauka a wani shataletale kusa da Endcliffe Park. Ana yayyafin nan na Ingila da ba ya jiƙa mutum sai ya gama raina shi. Na hana a duba taswira a waya, don wanda gari ke tafin hannunsa ba ya tambayar waya. Muka zaga shataletalen nan sau uku, ina leƙa kowace ƙofa ina karanta allo, Auta na biye da ni wayarsa a ƙirji. Na ɗauka sanyi yake ji.

Da ƙafa ta gaji na tare wata tsohuwa mai jan kare, na sassauta murya kamar mai tambayar abin kunya, na ce ina ne Hunter's Bar.

Ta ce, "Ɗana, ai a kansa kake tsaye."

Ta nuna min wata tsohuwar ƙofa a tsakiyar shataletalen. Shinge ne na karɓar kuɗin hanya a zamanin da, daga nan unguwar ta samo suna. Ko kwalba ɗaya babu a maganar. Auta ya ce abin da ya kawo shi nan, akwai waƙarsu da ke zolayar wani mai yawan zancen San Francisco alhali ɗan Hunter's Bar ne. "Mai cika baki dai," ya ƙara, yana kallon sama.

Dole in fanshe mutuncina. Na ce, "Wancan na biyun kam na san shi. Grapes ai inabi ke nan, masu inabi ne. Muje in saya maka kilo guda."

"Yaya, shi ma fa…"

"Na ce muje."

Muka dawo cikin gari, Trippet Lane. Na gyara hula, na tura ƙofa har da sallama. Wani wari mai tsami ya tare ni. Ga kanta, ga famfuna a jere, ga dattawa kowa da ƙaton kofi mai kumfa. Duk da haka, don taurin kai, sai da na tambayi matar da ke bayan kanta ina inabin. Ta yi murmushi ta ce ja nake so ko fari.

Daga bakin ƙofa Auta ya ɗago murya: "Yaya, nan suka yi wasansu na farko, ran 13 ga Yunin 2003!"

Na fito da baya da baya ina a'uziyya, sai na yi karo da mutum. Wani dattijo ne na masallacinmu, direban tasi, wanda a makon nan ya yaba min kiran salla. Ya dubi allon da ke saman ƙofa, ya dubi hulata, ya ce, "Malam, sannu da hutawa."

Kafin in haɗa jimla ya shiga motarsa.

Da daddare na buɗe waya na tarar da saƙo sittin da wani abu a zauren gida. Ashe ba sanyi Auta yake ji ba, bidiyo yake ɗauka, tun daga zagaye na farko har zuwa ja ko fari. A can ƙasa akwai saƙon murya daga Hajiya, na daƙiƙa tara. Ta ce ta ga an sha yawo, Allah ya huta gajiya, kuma nawa ne kilon inabi a can.