A kai fim aji, ɗalibai su yi gardama kan mulki

Ɗaliban kimiyyar siyasa a Kano sun san Thomas Hobbes, masanin falsafa ɗan Ingila. Sun haddace cewa a 1651, a zamanin yaƙin basasar Ingila, ya ce in babu hukuma mai ƙarfi mutane cinye juna za su yi. Sun san John Locke, wani masanin falsafar ɗan Ingila, ya fi shi kyautata wa ɗan Adam zato, har ya ce a tuɓe shugaban da ya ci amana. Ana zuba haddar a jarrabawa a wuce. Amma ka ce wa ɗalibi, kai wanne ka gaskata? Sai ya yi shiru.

A ganina fim zai buɗe bakin nan, musamman a garin da harkar fim ɗin Hausa ta tsiro tun 1990. Labarin rikicin sarauta ba baƙo ba ne gare mu: mai gari ya rasu, 'ya'yansa biyu na ja, gari ba shugaba. To, a daidai nan malam ya tsayar da fim ya tambaya, me zai sami rumbunan hatsi da kasuwa kafin a naɗa wani? Wanda ya ce za a wawashe ya bi Hobbes bai sani ba. Wanda ya ce liman da dattawa za su riƙe gari ya kusanci Locke. Daga nan gardama ta kama, kowa da abin da ya gani a unguwarsu ranar da aka yi tarzoma.

Kada kuma a tsaya kan Turawa. A garin nan na Kano Shehu Magili, malamin da ya zo daga Arewacin Afirka, ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, nasiha kan haƙƙoƙin da ke wuyan sarki, yana ta nanata cewa babbar masifa ita ce sarki ya ɓuya wa talakawansa. Ɗalibin da ke wuce Gidan Rumfa kullum ya cancanci a nuna masa fadawa suna tare ƙofa a fim, sannan a miƙa masa wannan rubutu ya auna.

Masu cewa fim na jan zuciya sun yi gaskiya. Darakta ya riga ya zaɓi na kirki da mugu, kiɗa ma yana taya shi. Shi ya sa nake ganin dole kallo ya zo da karatu, a kuma tambayi ɗalibai wa daraktan ya hana magana, don sau da yawa talakawan garin ne ake barinsu a bayan fage suna kallo kawai.