Ƙofar laburare da waakye na

Da fostin na nashinal sabis ya fito aka jefa ni laburaren wata jami'a nan Kumasi, wallahi har sujjada na yi, don abokaina wasu an wurga su ƙauyukan da sai ka hau tudu kake samun netwok, ni kuwa daga Aboabo trotro ne kawai. Lissafina mai sauƙi ne: esi, wayfay kyauta, kujera mai juyawa, ƙarshen wata alawa sidi 715 da 'yan pesewa ta faɗo. Sociology na karanta a jami'ar Legon, kuma eh na san Balme, laburaren nan da aka kafa tun 1948, amma sanin da na yi masa na cajin waya ne da barcin bayan azahar.

Mma ce ta fara ɓata min lissafi. Na ce mata aiki zan yi a laburaren yunibasiti, ita kalma ɗaya ta riƙe, yunibasiti. Kafin la'asar layinmu gaba ɗaya ya ji na zama lakcara, bayan magariba ga Hajiya maƙwabciyarmu da sakamakon WASSCE na autanta cikin leda, wai ɗana ka sa baki a ɗauke shi likitanci. Nace Hajiya ni fa littattafai zan riƙa jerawa, tace ai mun sani, ɗan albarka baya fariya.

Kujera mai juyawa dai akwai ta, ta Madam shugabarmu ce. Ni abin da aka miƙo min kura ce ta ƙarfe shaƙe da littattafan da ɗalibai suka bari kan tebura, irin nauyin da masu dako ke turawa a Kejetia, kuma tayarta ɗaya tana da ra'ayin kanta, ka tura gabas ta nufi arewa tana ƙiii ƙiii a wajen da ko tari ka yi sai an harare ka.

Sai karatun lambar da ke manne a bayan kowane littafi, wadda da ita ake jera su. Ni a sakandare tsarin Dewey na sani, lambobi zalla, Musulunci 297, shikenan. Nan kuwa tsarin laburaren majalisar dokokin Amurka suke bi, da haruffa ake farawa, guda 21, babu I babu O babu W, X da Y. Lissafi QA, tarihin Afirka DT, Musulunci BP. Hausa kuma PL, waje ɗaya da Sinanci da Japananci, kar ku tambaye ni wa ya haɗa wannan zumunci. Duk wannan mai sauƙi ne, inda kai ke juyawa shi ne layin ƙasa, bayan ɗigo. Madam ta ɗauko littafi biyu, ɗaya .B35 ɗaya .B4, tace wanne ne gaba. Nace haba Madam, ko ɗan firamare ya san 4 kafin 35. Ta cire tabarau ta kalle ni ta mayar. Wai bayan ɗigo ba ƙirge ake ba, desimal ne, .35 bai kai .4 ba, don haka 35 ɗin ne gaba. Mutum da digirinsa fa. Tace littafin da ya zauna ba a gurbinsa ba daidai yake da wanda aka sace, kwamfuta za ta ce yana nan, ɗalibi ya zo ya duba bai gani ba, ya tafi yana zagin mu.

To daga nan aka ba ni aikin bin kantocin littattafai, littafi bayan littafi, da yatsa ina duba ko kowa na layinsa, wuya a karkace, ƙura a hanci. A nan na gano ɗalibai ba ƙananan 'yan dabara bane. Idan jarabawa ta matso kuma littafin kwafi ɗaya ne ko biyu, mutum baya ara don za a ce ya dawo da shi, sai ya ɗauke ya kai wata unguwa ya ɓoye. Kullum sai na tsinci wani ƙaton littafin lissafin injiniya, QA ɓaro-ɓaro a bayansa, ya shige tsakanin tafsirai a BP. In mayar da shi gida, washegari ya sake hijira. Na laɓe na kama mai aikin, ashe yaron Asawase ne, tare muka yi makaranta wajen malam ɗaya. Yace yaya ka rufa min asiri, nan ne kaɗai 'yan ajinmu ba sa leƙawa, kuma ai littafin ma yana samun albarka.

Ranar wata Juma'a aka kawo sababbin littattafai, Madam tace in saka musu tsaro. Wani siririn ƙarfe ne mai gam, dogo, ana cusa shi can cikin tsakiyar littafi inda ido baya kaiwa, in ka ara a kanta su kashe maganaɗisun, in ba a kashe ba ka zo fita ƙofa ta yi ihu. Na zauna na yi ta liƙawa cikin farar jallabiyata da na sha guga, turare na tashi, a jaka kuma ga waakye na, shinkafa da wake, da na siyo tun safe a ganye, da wele (fatar sa) da taliya da ƙwai da yajin shito. Abinci haramun ne a ciki, har allo aka kafa, kuma ni da bakina na kori wata yarinya da meat pie a satin, amma ni ai ma'aikaci ne, kuma ba ci zan yi a ciki ba, ajiya ce.

Lokacin masallaci ya yi na rataya jaka na nufi ƙofa. Piii piii piii. Zauren karatu kaf aka ɗago kai.

Mai gadinmu wani dattijo ne, Wofa muke ce masa, shi kuma Kramo yake kirana, wato Musulmi. Yace Kramo koma baya. Na koma na sake wucewa, piii. Yace kawo jaka. Nace Wofa ni ne fa, ni nake saka abin nan da hannuna, yace shi ya sa, wanda ya san hanya ai shi ake tsoro. Ya zazzage jakar kan tebur, caja, tazbaha, hula, sai ga ganye ya buɗe, ƙamshin shito ya bi esi ya zagaye zauren. Ga yarinyar meat pie a tebur na biyu, ta ajiye biro ta harɗe hannu tana kallo.

Babu littafi. Wofa ya riƙe jakar yace wuce haka. Piii. Ya wuce da jakar shi kaɗai, shiru, ya wuce da waakye ɗin ma, shiru. Yace to a jikinka yake. Aka fara lalube ni, aljihu, ƙugu, har hula aka ɗaga, wani daga baya yana cewa a duba cikin wando, kuma na gane muryar, ɗan Asawase ne. Ana haka Madam ta fito daga ofis, bata ce komai ba, ta zagaya bayana, ta sa yatsu biyu ta ɓare wani abu daga mazaunin jallabiyar ta ɗaga sama kowa ya gani. Guda uku. Ashe a kansu na zauna tun safe.

Tace yanzu dai mun tabbatar ƙofa na aiki, sannan ta kalli tebur tace wannan kuma na wane ne. Wofa yace kayan shaida ne, shi zai adana.

Na samu raka'a ɗaya da kyar. Da na dawo ya miƙo min ganyen a naɗe tsaf, shinkafa da wake na nan, wele da ƙwai kuwa wai suna kan bincike. Ban gama jin wannan ba waya ta yi ƙara, Mma ce, wai Hajiya na tambaya in likitancin ya cika ko a ba yaron famasi.