Ƙannena, Kada Ku Tsallake Baiti na Uku

Ƙannena matasa, 'yan kwaya da masu zama a kujerun baya, salama a gare ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun ranar Lahadin da ta wuce, na ga gara in amayar muku da shi da in yi ta juya shi ni kaɗai.

Muna tsakiyar waƙar buɗe sujada aka ɗauke wuta. Majigi ya mutu, fiyano ya yi shiru, kafin a tayar da janareta sai da aka yi kusan minti uku. Na waiwaya ɓangarenku, na ji tsit, kowa ya zuba wa farin bango ido yana jiran rubutu ya dawo. Amma a layin iyayenmu 'yan Zumuntar Mata waƙa ko tuntuɓe ba ta yi ba. Wata tsohuwa da ko sunanta ba ta iya rubutawa, ido a rufe, hannu ɗaya a ƙirji, ta ƙarasa baiti na biyu ta shiga na uku, sauran suka bi ta. Waƙar da kuka fi shekara goma kuna rerawa ce fa. Ashe ba a cikinku take ba, a bango take.

Ba ku kaɗai ke da laifi ba. Mu yayyenku ne muka fara barin Littafin Waƙoƙi a kan kabad yana shan ƙurar hunturu. Na mahaifina yana hannuna har yau, bangonsa ya rabu biyu an ɗinke da zare, gefen shafukan ya yi baƙi saboda yatsa. Leda ɗaya yake sa shi da Littafi Mai Tsarki. A ɗakinmu na haya a Sabon Gari, kowane dare bayan tuwo sai an shimfiɗa tabarma an rera waƙa ɗaya daga farko har ƙarshe kafin addu'a. Mai gyangyaɗi a taɓa shi. A lokacin ina ganin takura ce. Yau waƙoƙin nan ne ke tasowa a bakina idan na farka ƙarfe biyun dare da damuwar kuɗin makaranta ko rashin lafiyar yaro.

Na san abin da kuke cewa: waƙoƙin suna da sanyin jiki, Hausarsu ta tsufa, karinsu na Turawa ne. Akwai gaskiya a ciki. Da yawansu fassara ce daga zamanin 'yan mishan, irin su SIM da suka fara shigowa a 1893, da su Likita Miller na Zariya da aikinsu ya kai ga fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932. Wani lokaci karin waƙar yakan yi faɗa da harshenmu, inda muryar Bahaushe za ta hau sai ya sauke ta. Ni ma kuma ina son korus, ba na zama a kujera idan aka buga ganga lokacin baiko. Sai dai layi ɗaya da za a maimaita sau ashirin kamar rake ne, akwai zaƙi, amma ba a kwana a kansa.

Ku ɗauki tsohuwar waƙa ɗaya ku karanta ta a hankali ba tare da kiɗa ba. Sau da yawa za ku ga tana tafiya ne daki-daki: ta faɗi wane ne Allah, ta faɗi halin da mutum ke ciki, ta kai ka gindin gicciye, sannan ta ɗaga idonka zuwa dawowar Ubangiji. Wa'azi ne cikakke da aka sa wa murya. Shi ya sa a Kolosiyawa 3:16 Manzo Bulus ya haɗa koyar da juna da gargaɗin juna da zabura da waƙoƙi a wuri ɗaya. Kakanninmu da ba su shiga aji ba, ta nan suka san mene ne alheri, mene ne fansa.

To, a nan ne wata al'ada da muka ɗauka take ci mini rai. Mai jagora ya tashi ya ce, "Saboda lokaci, za mu rera baiti na ɗaya da na ƙarshe." Sanarwa kuwa ta ci rabin awa ba wanda ya dubi agogo. Abin da ake tsallakewa sau da yawa shi ne zuciyar waƙar.

Ga waƙar nan da muke yawan rerawa a jana'iza, wadda amshinta ke cewa rai yana lafiya. Wanda ya rubuta ta, Horatio Spafford, lauya ne a birnin Shikago na Amurka. Gobarar da ta ci birnin a 1871 ta haɗa da dukiyarsa. A watan Nuwamba na 1873 matarsa da 'ya'yansa mata huɗu suna cikin jirgin ruwa zuwa Turai, jirgin ya yi karo da wani ya nutse a tekun Atilantika. A cikin iyalinsa matar ce kaɗai ta tsira, yaran huɗu duka suka tafi. Daga cikin wannan rashi waƙar ta fito. Baiti na farko yana maganar salama da baƙin ciki, na ƙarshe yana maganar ranar da za a busa ƙaho. Amma na uku, wanda muke tsallakewa, a can ne uban da ya rasa 'ya'ya huɗu ya bar zancen rashinsa ya koma zancen zunubinsa, yana murna cewa an kafe shi a kan gicciye, dukansa ba rabi ba. Idan ka cire wannan baitin, "raina lafiya" ya zama maganar bakin mai dauriya kawai. Da shi ne za ka gane a kan me lafiyar ta tsaya.

Ban fahimci haka a littafi ba. A watan Maris na 2016, gab da Ista, gobara ta ci kasuwar Sabon Gari ta Kano. Wani dattijon ikkilisiyarmu mai sayar da atamfa ya rasa shagonsa ƙurmus, ko ƙyalle bai fitar ba. Ranar Lahadi ya zo sujada, idanunsa jajur saboda hayaƙi da rashin barci. Aka ɗauki wannan waƙar. Ina bayansa, ina ganin kafaɗunsa na rawa, amma muryarsa ba ta sauka ba. Bayan an tashi na je na durƙusa na ce, "Baba, sannu. Allah ya mayar da alheri." Ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, ka ji baiti na uku yau? Wuta ta ci abin da ke cikin shago. Wancan bashin kuwa an riga an biya mini shi, ba wutar da za ta dawo da shi."

Ranar irin wannan ba ta yin sallama, kuma ba ta jiran ka nemo waya ka buɗe intanet. Bulus da Sila, a Ayyukan Manzanni sura 16, an yi musu bulala an sa ƙafafunsu a turu a kurkukun Filibi, da tsakar dare suna addu'a suna rera waƙar yabo. Abin da ke cikin kansu suka rera. Ubangijinmu ma, a daren da aka bashe shi, sai da suka yi waƙa da almajiransa kafin su fita zuwa Dutsen Zaitun. Fanny Crosby, wadda ta makance tun tana jaririya kuma ta bar waƙoƙi fiye da 8,000, a ka take tsara su ta riƙe har a sami mai rubuta mata.

Abin da nake roƙonku bai fi ƙarfinku ba. Waƙa ɗaya a wata, dukan baitocinta, har ku iya ta ido a rufe. Wanda ke haddace waƙoƙin waya a cikin adaidaita sahu tsakanin Badawa da Bata ba zai ce kansa ba ya ɗauka ba. Kalmar da ta yi muku tsauri, ku je gun iyayenmu mata ku tambaya, ku zauna ma ku ɗauki waƙoƙinsu na tulu da ganga tun suna tare da mu. Ku masu jagora kuma, idan lokaci ya ƙure, a rage sanarwa a bar waƙa ta cika.

Ranar Asabar da ƙarfe huɗu, kafin kwaya ta fara gwaji, ina nan gindin darbejiyar harabar majami'a da littafin mahaifina. Da waƙar Spafford za mu fara, kuma daga baiti na uku.